Ina so in buɗe gidan abinci a Maraban Jos, me ke sa direbobi su cika wata rumfar su bar wata?

Tambaya: "Assalamu alaikum Hajiya, dan Allah shawara nake nema. Ni a Zariya nake sayar da abinci a ƙofar gida, shinkafa da wake da rana tuwo da dare, to cinikin unguwa kin san shi, yau akwai gobe babu. Duk sanda na bi motar Kaduna nakan ga Maraban Jos cike da manyan motoci, wata rumfar abincin mutane har a tsaye suke ci, ta kusa da ita kuma ba kowa. Na ɗauki adashi kuma ƙanena ya ce zai tsaya min, ina so in kama wuri a can. Wai me ke kawo wannan bambancin ne, kuma kina ganin mai ƙaramin jari irina zata iya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a neman. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya, na farko me ya sa rumfa biyu suna jingine da juna, shinkafarsu daga kasuwa ɗaya, amma ɗaya tana sauke tukunya tana ɗora wata ɗayar kuma tuwonta yana kwana, na biyu kuma ko kuɗin adashi zai iya riƙe ki a wurin. Na fara wannan sana'ar a bakin titin nan tun ina tuƙa babbar tukunya da hannuna, yanzu yara ke tuƙi ni ina kan cefane da kuɗi, don haka abin da na gani zan gaya miki. Zaki iya, amma sai kin ajiye lissafin cinikin unguwa. Direban da kike hangowa ta tagar mota kamar ɗan wucewa, mutum ne da zai bi wannan titin ya je ya dawo ya sake zuwa shekara da shekaru, kuma duk ribar wurin a dawowarsa take.

Ki fara da sanin me ya tara motocin a nan. Maraban Jos tana ƙaramar hukumar Igabi, kan titin Kaduna zuwa Zariya, tsakanin Rigachikun da Jaji, a nan hanyar Jos ta ɓalle ta bi Pambeguwa da Saminaka. Motar da ta taso daga Legas ta biyo Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta yanko ta Tegina da Birnin Gwari, ko ta zagayo ta Bida da Lambata da Tafa, in dai Kano ko Katsina ta nufa galibi sai ta ratsa Kaduna ta ɓullo nan. Haka masu siminti daga Obajana, haka tankokin mai, dama tun da aka buɗe matatar Kaduna a 1980 yankin ya saba da tanka. Masu gangarawa kudu kuma ga hatsin Dawanau, ga shanun Wudil da Maigatari, ga tumatirin yankin Kadawa lokacin rani, ga masarar Saminaka da kaka. Inda tirela ta saba kwana kuwa sai mai faci ya zo, bakanike ya zo, mai walda, mai wankin mota, mai shayi, mai gadi, 'yan kamasho, a gina masallaci, to mai abinci cikin wannan zugar take, ba ita kaɗai ke jawo mutane ba.

Kuma motocin nan da kike gani reras ba cinikinsu ɗaya ba. Mai shanu da mai tumatir ba sa zama, dabba tana galabaita kwando yana ruɓewa, yaron mota ne zai dirgo da gudu ya ce Hajiya a zuba na mutum huɗu a leda, motar ma ba a kashe ta ba, in kika ce masa ya jira miya ta ƙarasa kin rasa shi. Mai tanka da mai siminti su ne masu zama su ci su yi wanka su kwanta. Sai wanda ya sauke kaya yana jiran lodi, da wanda motarsa ta lalace ana jiran a kawo kayan gyara daga Panteka ko daga Kano, waɗannan su ne masu cin safe da rana da dare a wurinki, kuma su ne masu bashi, zan zo kansu.

Abin da ke cika rumfa

Abu na farko da mutane ba sa lura da shi shine daga bencin rumfar direba yana hango motarsa ko baya hangowa. Mutumin nan yana ɗauke da kayan miliyoyi da ba nasa ba, ana sace batir, ana tsiyaye gas daga tanki, ana yanka tamfol a zare buhu, in abu ya ɓata shi mai mota zai kama. Don haka ko miyarki ta fi ta kowa daɗi a garin, in sai ya shiga lungu ya ba motarsa baya kafin ya same ki, zai zauna wurin wadda ke fuskantar inda ya yi fakin. Sau da yawa bambancin rumfa biyun da kika gani bai wuce wannan ba, ɗaya gabanta fili ne mai tauri da tirela zata shiga ta fita ko da damina, ɗayar gabanta kwata ce ko taɓo.

Sai lokaci. Abincin unguwa yana da lokacinsa, na bakin titi ba shi da lokaci. Direba zai iso ƙarfe 2 na dare ya taho daga Mokwa bai ci komai ba sai goro da shayi, in ya taɓa zuwa ya tarar da tukunyarki a kife, gobe ba zai ma rage gudu a gabanki ba, kuma zai faɗa wa 'yan uwansa, don direbobi a waya suke kwana suna tambayar juna hanya da inda ake samun abinci mai zafi. Wadda rumfarta ke cika zaki ga murhunta baya mutuwa, da asuba akwai ɗumame da koko da ƙosai, hantsi shinkafa da wake da mai da yaji, azahar shinkafa da miya da taliya, daga la'asar tuwon shinkafa da na masara da miyar kuka da busasshiyar kuɓewa, tsakar dare kuma farfesun kayan ciki ko na ƙafar saniya yana kan garwashi. Kar ki manta ba Hausawa kaɗai ke jan tirela ba, akwai Yarbawa da Ibo da Nupawa da mutanen Filato, teba ko amala ko sakwara da miyar agushi suna da masu nema, amma wannan sai kin tsaya da ƙafarki, kar ki fara da shi.

Sai hannu ɗaya. Malmalar tuwon da ya ci wancan makon ita yake so ya gani yau, girmanta da ɗanɗanon miyar da yankan naman. In kaya sun yi tsada gara ki fito fili ki ce Alhaji faranti ya ƙaru, zai yi ƙorafi ya biya, da ki rage mara a ɓoye ko ki tsinka miya, wannan kam ba ya yafe shi. Sannan ruwa. Buta cike, randa ko durom na alwala, tabarma mai tsabta da zai yi sallah ya ɗan miƙe bayansa, banɗaki da mutum zai shiga bai toshe hanci ba, da wurin cajin waya ko da ƙaramar sola ce. Waɗannan ba a kansu kike karɓar kuɗi ba amma su ke sa a zauna, wanda ya zauna kuma sai ya ƙara nama ya sha lemo ya yi wa yaransa oda.

Yanzu bari in tsaya kan yaron mota, don wallahi nan ne sabbin zuwa suke faɗuwa. Suna ganin Oga direba da babbar riga su yi ta rawar jiki, yaron da ya shigo da baƙin mai har gwiwar hannu a bar shi a tsaye ana masa kallon banza. Alhali shi ake aikowa da kula, shi ke cewa Oga mu tsaya wurin Hajiya wance, kuma shi ne direban gobe. Akwai wani yaro da motarsu ta kwanta mana a nan, giyabos ya lalace, maigidansa ya hau ƙaramar mota ya tafi neman kuɗi wurin mai mota ya bar shi gadi da abin da bai kai na abincin kwana biyu ba. Yaron nan a ƙarƙashin tirela yake kwana kan kwali, rana ta uku na lura ya daina zuwa sai dai ya sayi ruwan leda ya koma, na aika aka kira shi na ce ɗana zauna, aka zuba masa tuwo da miya, hannunsa har rawa yake wajen kai loma, yana ci yana cewa Mama ki rubuta Oga zai biya. Na rubuta, Ogan ya dawo ya biya har da na goro. Yau yaron nan shi ke jan DAF, kuma ba shi kaɗai yake tsayawa ba, duk ayarin da suka taso tare a gabana suke fakin. Kusan duk rumfar da kika ga ta cika, in kika bincika akwai irin wannan a bayanta, shi ya sa sabuwar zuwa ba zata ƙwace su da fenti da kujerun roba ba.

Bashi da lissafi

Bashi dole ne a wannan sana'ar, wadda ta ce bata bayarwa sam ba zata yi kwastoma na dindindin ba, wadda kuma ta sake hannu wata uku jarin ya tafi. Direba kuɗin hanya ake ba shi, wani lokacin shingaye da faci da tara su cinye kafin ya iso, ba ƙarya yake ba in ya ce sai ya dawo. Yadda nake yi, littafi ɗaya ne kuma a hannuna yake, yara basu da ikon bayarwa. Ina rubuta sunan da aka san shi da shi a tasha da lambar mota da lambar waya, kuma sai wanda wani ya tsaya masa, ko shugabannin ƙungiyar direbobi na wurin ko bakaniken da ke masa gyara. Kowa yana da iyaka, in ya kai sai ya sauke kafin a ɗora. Ki yi gaisuwa da mutanen ƙungiyar direbobi ta NURTW da na reshen direbobin tanka na NUPENG tun ranar farko, su ne in wani ya gudu da kuɗinki zasu san tashar da yake lodi. Duk da haka wani zai tafi, wani mutuwa ce ma zata ɗauke shi a hanya Allah ya jiƙansu, irin wannan ni yafewa nake, ki sa shi cikin lissafi tun farko.

Farashi ba zan yanka miki ba, don abin da na sayi buhu wannan makon ba shi zan saya mako mai zuwa ba, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kayan abinci basu zauna wuri ɗaya ba. Hanyar lissafin dai bata canzawa. Ki dafa mudu ɗaya da irin zubin da zaki riƙa yi, ki ƙirga faranti nawa ya fitar, ki ɗora kuɗin mai da kayan miya da itace da ruwa da leda da ladan yara da abincin da su yaran zasu ci, sannan ki san nawa faranti ya tsaya miki. Ruwa da itace su ne masu cin kuɗi a ɓoye, a gida ba kya jinsu, a nan kuwa 'yan garuwa zaki riƙa biya kura-kura kullum. Nama kuma a ƙirge yake shiga tukunya a ƙirge yake fita, in ba haka ba ribarki a bakin murhu zata ƙare. Ga haya, ga harajin ƙaramar hukuma, ga kuɗin shara da na 'yan sintiri. Sannan tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 direbobi da yawa sun koma tiransifa, ki samu POS ko asusun da alat ke shigowa nan take, kuma kar yaro ya yarda da hoton da aka nuna masa a waya sai kuɗi sun shigo taki wayar.

Ciniki kuma yana da kaka da rani. Bayan girbi da lokacin tumatir da gab da babbar sallah da ake lodin raguna titi baya numfashi, tsakiyar damina yana ja baya. Da azumi rana shiru ne, amma buɗa baki da sahur suna rama miki in kin shirya kunu da ƙosai da tuwo mai zafi a kan lokaci.

Abin da zai iya karya ki

Babban haɗarin shine cinikinki a fakin ɗin wasu yake rataye. A zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i an matsa kan a kwashe tireloli daga kafaɗar titi a mayar da su gareji a Maraban Jos da Tafa, kuma ko wace gwamnati ce zata iya tado da maganar, don motocin suna tare hanya ana haɗari. Aikin titin Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018 ma ya nuna mana haka, in aka rufe hannu ɗaya aka mayar da motoci ɗayan, rumfunan wancan hannun sai su wayi gari ba kowa. Haka da rashin tsaro ya tsananta a hanyar Birnin Gwari direbobi da yawa suka canza hanya da lokacin tafiya, haka da 'yan kasuwar shanu da kayan abinci suka dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairun 2021. Shi ya sa nake ce miki kar ki zuba kuɗin adashi a bulo da siminti a filin da ba naki ba, rumfar langa-langa da benci in an ce a tashi kya ɗauki abinki.

Sai wuta, kuma wannan ina roƙonki ki ɗauke shi da gaske. Murhu da tankar fetur maƙwabta ne a wurin nan, ga masu sayar da mai a jarka. Abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, inda tanka ta faɗi mutane suka taru kwasar mai wuta ta tashi ta ci rayuka masu yawa, duk mai rumfa a bakin titi ya kwana da shi a rai. Murhunki ya kasance a bayan rumfa nesa da inda tanka ke tsayawa, ki ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara, kuma ki gaya wa yaranki da babbar murya, in tanka ta faɗi a kashe wuta a gudu, ba mai zuwa da bokiti. Tsabtar ruwa ma haka, da damina amai da gudawa ba wasa bane, mutum ɗaya ya kwanta ya ce a wurinki ya ci, labarin ya riga ki isa Tafa.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye miki ba tunda ke mace ce. Maraban Jos tana da sunan da aka san ta da shi, akwai masu zaman kansu, akwai masu sayar da ƙwaya, kuma mutane suna yi wa duk macen da ke sana'a a wurin kuɗin goro. Mata da yawa a nan da mutuncinsu suke neman halak suna biya wa 'ya'yansu makaranta, amma sai kin shata layi tun ranar farko. Ni 'yan mata basa min aikin dare, daga magariba maza ne ke zuba abinci, ba ɗakin kwana a bayan rumfata, kuma ba a ajiye min ƙullin kowa. Direban da ya ce a samo masa abin hana barci shayi nake bashi in nuna masa tabarma, don wanda ya haɗiyi tiramol ya hau titi da tirela ba kansa kaɗai zai kashe ba. Za a gwada ki a watannin farko, in aka ga ba fuska sai a bari, kuma masu mutunci cikin direbobin, waɗanda su ne suka fi yawa, sai su mayar da rumfarki wurinsu.

To ta ina zaki fara

Ni a ganina kar ki kama rumfa yanzu. Ki je ke da ƙanenki ku zauna wurin mai shayi, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, shi ya kwana ya ga daren ke ki ga asuba da rana, ku lura wane hannu motoci suka fi tsayawa, ƙarfe nawa, wane abinci ne ke ƙarewa mutane suna tambaya babu. Wannan giɓin shi zaki shiga. Da yawa sun fara ne da kula biyu da tebur a gefen mai shayi, ko suka karɓi asuba a rumfar wata suna biyanta wani abu, in abin ya kama sai su nemi tasu. Jarinki ki raba shi, kaso ɗaya kayan aiki da haya, kaso ɗaya cefane, kaso ɗaya ki ɓoye ki manta da shi, don watannin farko ciyar da rumfar zaki yi kafin ta fara ciyar da ke, ga zubin adashi yana jiranki duk wata.

Ki kuma duba kusa da gida kafin ki yi nisa. Kwangila da Ɗan Magaji a nan Zariya manyan motoci suna tsayawa, cinikin bai kai na Maraban ba amma zaki kwana a ɗakinki ki ga yaranki, kuma duk abin da na faɗa a sama yana aiki a can. Sanina na wannan titin ne da irin mutanensa, kuma shekarun da na fara gasar bata kai ta yanzu ba, don haka ki haɗa maganata da ta wata da ta fara kwanan nan. Maganar tashi daga Zariya ko yin jeka-ka-dawo kuma ke da maigida ko manyanki ne zaku yanke. In kun yanke kama wuri, a yi yarjejeniyar haya a rubuce gaban mai unguwa da shaidu biyu, a sa a ciki cewa in hukuma ta tashe ku kafin wa'adi za a dawo miki da ragowar kuɗinki, kuma kar ki biya sama da wata shida a karon farko.